Motar da Tanyi ta Zuba wa Ruwa

Ba Sedami ce ta roƙi mota ba. Wannan ya kamata a fara faɗa, don daga baya dangi sun yi ta magana kamar ita ta durƙusa tana kuka aka aiko mata. Abin da ta roƙa a wurin yayanta Dansu, wanda ya daɗe a Jamus har harshensa ya soma karkacewa, shi ne ya sa mata hannu a yaye 'yarta Fifame daga koyon ɗinki. Yarinyar ta gama koyo tuntuni, in za a faɗi gaskiya ma ta fi uwar ɗakinta Madam Tosu iya yanka. Amma a Kwatano ba a buɗe shago da iyawa. Sai an yi bikin yaye, an kai wa madam akwatunan lemo da giya da atamfa da akuya da abin da ake sakawa a ambulan, an kafa rumfa a titi, sannan ta miƙo almakashi a gaban jama'a, babban dangi ya karɓa ya damƙa wa yarinya. Kafin nan, ko keke ka saya ka ɓoye a uwar ɗaka, 'yan ƙungiyar teloli za su ji ƙararsa su zo su ɗauke. Don haka Fifame tana can tana ɗinka kayan amare kyauta, tana sharar shago, tana goyon jikokin madam, waɗanda suka zo bayanta ana yaye su suna wucewa.

Amsar Dansu ta zo ta waya, da muryar nan tasa ta mai wa'azi.

"Ƙanwata, kuɗi ruwa ne, a sha a fitsar. Ni abin da zai dawwama zan aiko miki. Mota ce ta Jamus, ki sa ta haya wurin bukukuwa, kafin ki ankara kin yaye yara goma."

"Fofo," ta ce, yadda ake kiran babban yaya a nan, "ni guda ɗaya nake son yayewa."

"Kin ji matsalarku ke nan, ƙaramin tunani."

Abin da bai faɗa ba, ashe kuɗin jirgi kawai ya biya. Motar ta iso tashar ruwa ta tsaya tana jiran kwastan, kullum kuɗin ajiya na hawa. Sedami mai sayar da daskararren kifi ce a kasuwar Tokpa, firiza biyu gare ta, su ne gonarta su ne shanunta. Ɗaya ta ɗaga ta sayar, ta haɗa da abin da ta tara don bikin Fifame, ta fanso kyautar da aka yi mata. Ka ji kyauta.

Motar kam, kyan ɗan maciji. Baƙa ce wuluk, doguwa, kujerunta na fata, in ka rufe ƙofa ko ihun 'yan zem masu babur ba ka ji. Sedami ta iya tuƙi, ta yi shekaru tana jan akori-kurar kifi, amma ranar da ta kama wannan sitiyarin sai da ta ji kanta ya ɗan kumbura, ba za ta yi ƙarya ba. Matan layinsu suka fito da zane a ƙirji suna leƙe. Dansu ya ce kafin a yi komai da ita, a kai ta gidansu na gado a Alada a nuna wa mahaifinsu, wanda ya rasu tun Fifame tana goye.

Tanyi ce ta tarbe su, ƙanwar mahaifin nasu, wadda ita ke magana da matattun gidan. Tsohuwa ce 'yar firit, amma in ta yi tari maza na gyara zama. Ta fito da ƙwarya, ta fasa goro, ta zuba ruwa a kan bonet, ta bi shi da sodabi har ƙamshin giyar ya tashi daga zafin ƙarfen. Ta kira sunayen kakanni ɗaya bayan ɗaya, ta zo kan yayanta ta ce, "Ka mutu kana taka ƙasa, yau ga ɗanka ya saya maka mota. Karɓi abinka." Aka yi guɗa, aka ci jan tuwon amiwo da kaza. Sedami ta ji maganar sarai, har ƙwalla ta yi, amma ba ta auna nauyinta ba.

Daga ranar motar ta samu suna biyu. In tana tafiya, motar Baba ce. In ta lalace, motar Sedami ce.

Ba ta daɗe ba kuwa ta soma nuna halinta. Wata 'yar fitila mai ruwan ɗorawa ta kunno a gaban sitiyari, da rubutu cikin Jamusanci, da wani kuka kamar na tsakon da ya ɓace wa uwarsa. Sedami ta kai ta garejin Patoro Agosu, bakaniken da ya rubuta a bangonsa cewa shi likitan motocin Jamus ne. Mutum ne mai tumbi da daɗin baki, ya zagaya motar yana shafa ta kamar mai tayin saniya.

"Maman Fifame, kin shigo gari. Me take cewa?"

"Ni na sani? Kai ne likita."

"Ƙorafi ne kawai irin na Turawa. Can ƙasarsu ko sauro ya cije su sai sun rubuta takarda."

Ya yanko baƙin salatif ya manna a kan fitilar, ya cire wata waya kukan ya tsaya, ya karɓi kuɗin aiki. Wannan shi ne gyara na farko, kuma shi kaɗai ne mai araha.

Bayansa famfon mai ya tafi. Bayansa lagireto ya tsage a tsakiyar cunkoson Godome, tururi ya tashi, 'yan zem suna wucewa suna tambayarta ko wake take dafawa. Sai wata safiya ta fito ta tarar motar ta durƙusa da gindi, hancinta a sama, wai wata jakar iska ce da take zaune a kai ta huje. Mota da jakar iska, jama'a. Kowane ƙarfe kuma ba a samunsa a Kwatano, sai an aika Legas, ya zo bai yi daidai ba, a sake aikawa. Hayar bukukuwa da Dansu ya yi alkawari, sau ɗaya aka ɗauka, ta mutu da amarya a ciki a ƙofar coci, labari ya gama gari, babu wanda ya sake tambaya.

Dangi kuwa ba su fasa ba. Mu nan Asabar ba ta wucewa ba a binne wani ba, kuma duk jana'izar da gidansu ke da hannu a ciki sai an bugo waya a ce a turo motar Baba, za ta ɗauki manya. Ba mai tambayar mai, ba mai tambayar taya. Su hakimce a baya suna sauke gilashi don a gan su, ita tana gaba, kunnenta na kan inji. In an sauka a ce, "Dansu ɗa ne, Allah ya ƙara masa." Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ranar da ta gaji ta kira shi, ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba.

"Fofo, motar nan ta cinye ni. Atamfofina sun tafi, 'yan kunnen da Mama ta bar mini sun tafi."

"Wane mai kike zuba mata?"

"Wanda kowa ke zubawa."

"Kpayo? Na kwalba na bakin titi?" Ya yi wata dariya da ta fi zagi ciwo. "To ai ke kika kashe ta. Motar Jamus ba ta mutuwa, mutane ke kashe ta. Wani tsohon likita ne mai ita, daga gida sai asibiti, ki duba agogonta ki gani. Kun saba da gwangwani, an ba ku mota kun rasa yadda za ku yi da ita."

Ta koma sayen man gidan mai, mai tsada, don kada a ce. Da ta gaya wa Agosu zancen tsohon likita, sai da ya zauna a kan taya don dariya. Ya ɗaga robar bakin ƙofa ya nuna mata fentin asali a ƙarƙashin baƙin, mai ruwan madara. Ya ɗora yatsanta a kan rufin ta taɓa inda aka toshe ramuka.

"Nan allon tasi yake zama. Likitan naku da fasinja yake zuwa asibiti. Agogo kuwa, Maman Fifame, a tashar ruwan nan akwai yaran da ke mayar da tsohuwa budurwa kafin ki gama shan ruwan leda, bare can. Wannan ta zaga duniya ta dawo ta sake zagawa."

"Ka san haka tun farko ka yi shiru?"

"Kin tambaye ni? Ni ma ina da 'ya'ya."

Haushi ya hana ta cin abinci ranar. Ba tsufan motar ne ya ƙona mata rai ba, ai da tsohuwar zuma ake magani. Rainin ne. Uwa ɗaya uba ɗaya, ya dubi tsabar idonta ya aiko mata da abin da Jamus ta gama tatsa, kuma shi ake yi wa addu'a.

Da yamma Fifame ta dawo daga shago, ta zauna a bakin ƙofa tana cire zare daga rigarta. Ba mai yawan magana ba ce.

"Mama, madam ta sa ranar yaye na ƙarshen shekara. Har da yarinyar da na koya wa saka zare a allura."

"Ke fa?"

"Ni ce zan ɗinka musu anko." Ta cire wani zaren, sannan ta ce, "Ba komai, Mama. Ki gyara motar Kaka tukuna."

Wannan "ba komai" ɗin ya fi mari zafi. Sedami ta ji kunya irin wadda ba ta taɓa ji ba, ta shiga ɗaki don kada 'yarta ta ga fuskarta.

A satin nan giyar motar ta ƙone a kan tsohuwar gada, aka jawo ta da igiya zuwa gareji. Agosu ya faɗi abin da gyaran zai ci, ta ga ko ta sayar da firizar da ta rage ba zai kai ba. Haihuwar guzuma ke nan, ɗa kwance uwa kwance. Washegari ta hau motar haya zuwa Alada, ta durƙusa a gaban Tanyi, ta ce tana neman izinin sayar da motar ta yaye 'yarta.

Tanyi ba ta ko ɗago daga barkonon da take tsincewa ba.

"Wace mota za ki sayar? Kina da mota ne?"

"Tanyi, ni na fanso ta, ni nake ciyar da ita."

"Kin yi wa ubanki hidima, Allah ya yi miki albarka. Amma abin da aka zuba wa ruwa aka miƙa wa matattu ba ya zuwa kasuwa. So kike a ce a garin nan an ba shi mota an ƙwace?"

"To Baban ne zai saya wa motar sabuwar giya? Ki fasa goro ki tambaye shi mana, ko ya fi son ƙarfe da jikarsa."

Nan tsohuwar ta ɗago. "Kifi ya sa bakinki ya yi wari, Sedami. Ba a mayar wa matattu tambaya a kan abin da suka riga suka karɓa. Yarinya ba tsufa za ta yi ba, ta ƙara haƙuri. Tashi ki ba ni wuri."

Ta ƙara haƙuri. Wanda bai ɗauki kaya ba shi ke cewa ba nauyi. Sedami ta dawo Kwatano tana tafasa, ba ta biya gida ba ta wuce garejin Agosu, ta tsaya a kan motar tana huci. Shi kuwa yana cin akasa da soyayyen kifi, ya yi mata tayi ta ƙi.

"Sun hana ko? Asara. Irin wannan ai a mace ta fi tsada. Injin nan kaɗai, ga wani Alhaji daga Nijar yana nema ruwa a jallo. Ga ƙwaƙwalwarta, ga na'urar sanyi, ga salansa da sinadarin da ke cikinta. Gangar jikin ce ba mai so."

Sedami ta daɗe tana kallon bonet ɗin. Har yanzu akwai ɗan tabo inda sodabi ya ci fenti.

"Patoro, in an zuba ruwa a nan, yana shiga ciki?"

"Ina zai shiga? Jamus ce fa, ko ruwan sama na kwana bakwai ba ya ratsawa."

"To buɗe. Duk abin da ruwa bai taɓa ba, cire shi."

Agosu ya ajiye lomar da ke hannunsa, ya dube ta da wani sabon girmamawa. Ya cuce ta a ciniki, wannan ba sai an faɗa ba, amma a karon farko kuɗi ya fito daga motar maimakon ya shiga. Aka jawo gangar jikin har ƙofar gidanta, aka tokare ta da itace ta ƙasa ta tsaya cak kamar lafiyayya. Duk Lahadi Sedami ta wanke ta ta goge. In dangi sun bugo a turo motar Baba, ta ce ana jiran wani ƙarfe daga Legas, kuma ba wanda ya yi mamaki. Ba za a ce hankalinta a kwance yake ba. Ta yi mafarkin mahaifinta sau da yawa, kullum yana zaune yana gyaran fatsarsa, bai ce mata komai ba.

Sunan Fifame ya shiga cikin waɗanda za a yaye. Aka kai wa Madam Tosu kayanta cif, aka tare layi aka kafa rumfa, aka jera kujerun roba, sahun gaba na dangi. Sedami ta gayyaci Alada don dole, ai Tanyi ce za ta karɓi almakashi. Abin da ba ta sani ba, Dansu ya sauka a jirgi a ɓoye, wai zai ba su mamaki. Ya kuwa ba su. Da hantsi sai ga shi ya fito daga tasi da Tanyi a hannunsa, da farar riga da agogo mai walƙiya, ana ta rungumarsa.

Bai zauna ba sai da ya karɓi abin magana daga hannun mai kiɗa.

"Lokacin da ƙanwata ta nemi kuɗi, na ce mata a'a, zan ba ki ƙugiya ba kifi ba. Wasu sun ga kamar na yi rowa. Yau ga shi, motar da na aiko ce ta yi wannan biki."

Aka yi tafi. Sedami tana tsaye da faranti a hannu, ta ji kamar ta kwaɗa masa shi. Abin takaicin, gaskiya ya faɗa.

"Ina 'yar tawa?" ya ce. Aka ce tana shagon gyaran gashi a bayan layi, yanzu za ta taho. "Da ƙafa? Ga motar kakanta a tsaye? Sedami, miƙo makulli."

Tana iya cewa batir ya mutu. Tana iya cewa makullin ya ɓace, an sha yin haka an wuce. Amma ta gaji da yi wa motar nan ƙarya, ta gaji da rufa wa Dansu asiri da nata zanen. Ta kwance bakin zanenta ta ciro makullin ta ba shi a gaban kowa.

Ya shiga ya gyara madubi, ya murɗa. Shiru. Ya sake murɗawa, ko tari ba ta yi ba. Ya fito yana murmushin yaƙe yana cewa kun gani ko, ba a kula da ita, ya ja bonet ya ɗaga. Ta cikin ramin ana hango yashin titi da itacen da aka tokare ta da shi. Mai kiɗa ya rage sauti da kansa.

"Ina injin?"

Daidai lokacin Fifame ta shawo kwanar layi da ƙawayenta, cikin farin leshin da ta ɗinka da hannunta.

Sedami ta nuna ta. "Ga shi can yana tahowa, Fofo."

Tanyi ta taso da sandarta ta leƙa ramin, ta daɗe tana kallo.

"Kin sayar da motar ubanki."

"Motarsa na nan, Tanyi. Inda kika zuba ruwa ko ƙwarzane ban yi ba. Na cikin kuwa babu abin da ban saya da gumina ba, wani ma sau biyu."

"Da matattu kike wayo?" Muryarta ko ɗagawa ba ta yi ba. "To ki ji. Ranar da za a buɗe ɗakin ubanki a ba shi ruwa, kada ƙafarki ta taka Alada."

Ta juya, Dansu ya riƙe mata hannu yana faɗin abin da ya kashe a kuɗin jirgi. Sahun gaba ya miƙe gaba ɗaya, kawunai da 'ya'yansu, wasu da cinyar kaza a hannu ba su ajiye ba. Maganar ta soki Sedami har ƙashi, don tana son mahaifinta, kuma ba ta taɓa fashin ranar ba shi ruwa ba tun da aka binne shi. Ta tsaya tana kallon bayansu, idonta ya cika, ba ta kira kowa ba.

Madam Tosu, wadda ta riga ta karɓi akuyarta kuma ba ta da niyyar mayarwa, ta gyara ɗaurin kallabi ta ɗaga almakashi sama. Fifame tana durƙushe a kan tabarma, tana waigen kujerun da babu kowa.

"Wa zai karɓa wa yarinyar nan a madadin gidansu?"

Ba wanda ya motsa. Matan Tokpa da ke sahun baya suka soma kallon juna, wata ta ce a hankali, "Maman Fifame, ke ake jira."

Sedami ta ajiye farantin a kan bonet ɗin motar, ta goge hannunta a zane, ta ratsa kujerun ta je gaba. Ta karɓi almakashin. Ta juya shi, ta riƙe wajen kaifin, ta miƙa wa 'yarta mariƙin.